Malamin da Zai Iya Sakin Usur

Shekarun da na yi ina koyarwa a sashen wasannin motsa jiki, ni ake ɗora wa nemo malaman da za su kula da ɗalibanmu in sun fita gwajin koyarwa. Takardun shaida ba su cika damuna ba. Fili nake zuwa in ga ko malami zai iya cire usur daga wuyansa ya miƙa wa wani. Wasu kam gara ka nemi aron babur ɗinsu.

Wata shekara na samu ɗaliba mai ƙoƙari, sai dai muryarta ko kaza ba za ta kora ba. Ta riga ta faɗi gwajin sau ɗaya, in ta sake, sallamarta za a yi. Na fara kai ta wurin wani tsohon ɗan ƙwallo a nan Lafiya, gwani na gaske. Amma da yara sun soma hayaniya sai ya busa, su yi tsit, ita kuwa ta koma mai tsinto ƙwallo. Raina ya ɓaci, na ɗauke ta.

A Agyaragu na haɗa ta da wata malama mai jiki da yawan dariya. Ranar farko ta rataya mata usur, ta ja kujera gindin mangwaro. Yara suka watse, wasu na langa, wasu na kokawa. Ɗalibata ta busa, ko a jikinsu. Na miƙe zan shiga, malamar ta riƙe mini hannun riga.

"Oga, zauna mana! Bari yarinyan nan ya sha wahala kaɗan. In ka shiga, yara ba zai ji maganan shi ba kuma."

Na zauna. Ashe kullum in an tashi, sai malamar ta tsayar da ɗalibata a wannan raga, ita ta koma waccan, su yi ta hira da ƙarfi.

Ranar jarrabawa muka makara ni da mai ba da maki, muka yanke ta tsakiyar fili. Sai muka ji tsawa daga can nesa:

"Ku masu manyan riguna! Ku fita mana, ana darasi!"

Ashe ɗalibata ce. Da ta gane mu, ta toshe baki. Mai ba da makin ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan ai ta ci. Muka juya sumui-sumui muka zagaya ta bayan azuzuwa. Ban taɓa jin daɗin kora irin ta ranar ba.