Jar Akuyar da Na Kai wa Auta

Ana kiran assalatu muka bar Gagarawa, ni da maƙwabciyata, ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari. Ku 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci kun ishe ni da tambayar ina na je, to ga shi na rubuta da hannuna. Wadda ta ga baƙi ya karkace ta yi haƙuri, da furfura na fara riƙe fensir.

Dalilin tafiyar ƙanena ne, Auta, da ke wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Farin nan ya kashe masa shanu kaf. Tun daga nan ya zauna gindin tsamiya, bai ko taɓa gona ba bara, matarsa ke surfen ƙwadago su ci. Na aika masa da gero, ya mayar mini. Ga damina ta matso, in ya sake zama, gonar ma sayar da ita za a yi.

Kun san littafin nan da malamarmu ta ara mini, na zabiyar da muke ji a rediyo, inda ta ba da labarin rayuwarta. Da kyar na haɗa shi, ina bin layi da yatsa. A ciki ta ce ciwon maƙogwaro ya taɓa ɗauke mata murya, ta kulle kanta a ɗaki. Masu zuwa da kwanon tuwo suna mata sannu, ta ce ƙara kwantar da ita suka yi. Wadda ta tashe ta wata tsohuwa ce da ta zo ta ce bikin jikarta ya zo, kuma zabiyar ce za ta yi waƙa ko da muryar ta dishe. Nan na ajiye littafin. Ashe ni ma kwanon tuwo nake aika wa Auta.

A Gumel muka sauya mota, muka hau a-kori-kura, an cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Muka karya da ƙosai a tasha, mai zafi, sai dai ya ƙanƙance. Tun da aka kawo naira komai ya ƙanƙance, ban da bakin direbobi.

Maigatari kuwa sai wanda ya gani. Raƙuma, kanwa, dabino, Buzaye da rawuna, mutanen Damagaram suna ciniki da kuɗinsu na sefa. Amma karar shanu ba kamar da ba, rabinta fili. Na zaɓi jar akuya mai ciki. Dillalin ya fara yi mini daɗin baki, na ce ɗana, na tatsi akuya tun uwarka ba ta yi wayo ba. Ya yi dariya ya rage. Muka sha fura da nono a wurin wata Bafillatana, ta ƙara mana ludayi don ta ji inda za mu.

Hanyar Sule Tankarkar rairayi ne zalla, motar ta kafe, maza suka sauka turi. Ina kallonsu, akuyar ta zura baki a jakata ta cinye gefen bangon littafin malama da na taho da shi. Maƙwabciyata ta ce ita ma ajin take so.

Da la'asar muka isa. Auta ya rame, ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Da ya ga akuyar sai ya ɓata rai.

"Yaya, na gaya miki ba na karɓar sadaka."

Na ce, "Wa ya ba ka? Tawa ce. Kiwo na kawo, yadda aka saba, in ta haihu mu raba. Ƙafata ba ta iya bin dabba, kuma ban yarda da kowa ba sai kai. In ta mutu, da kai zan yi."

Na ja ta na ɗaure a turken shanunsa da ya daɗe a bushe, na zarge igiyar tam a wuya, na shiga wurin matarsa. Ban gama shan ruwa ba na ji muryarsa.

"Yaya, haka ake ɗaure mai ciki? Ai sai ki shaƙe ta."

Muka leƙa. Ya durƙusa yana kwance igiyar, yana shafa mata ciki, yana cewa ba za ta wuce wata ba za ta haihu. Matarsa ta rufe fuska da gyale. Washegari da sassafe ya fita neman harawa, ya dawo ya ciro galmarsa daga rumbu ya kai wa maƙeri.

Mun dawo Gagarawa lafiya, baya na ciwo, zuciya fes. Na gode wa Allah, na gode wa malamarmu, na gode wa zabiyar nan da ba ta san ina duniya ba. Abin da na koyo, wanda ya faɗi ba sannu kaɗai yake so ba, so yake a ce har yanzu ana bukatarsa. Malama, bangon littafinki kuma zan ɗinke.

Igiyar nan kuwa, ni ma na san ba haka ake ɗaurewa ba.