Motar da Za Ta Tashe Shi

Narelle tana zaune a shagon sayar da motoci na Gosford, tana jiran a yi wa tsohuwar motarta juyen mai, amma idonta ya kasa barin wani dattijo. Dogo ne, furfura ta cinye gefen kansa, rigarsa ta sha guga, ƙasan idanunsa kuwa ya kumbura. Yana zagaya wata doguwar mota irin ta masu hali, mai aiki da fetur da batir, yana dafa ta kamar mai duba zafin jikin yaro.

Lachlan, saurayin da ke sayarwa, sai zuba yake yi. "Yallaɓai, kujerun fata ne. Ka je Sydney ka dawo, allurar mai ba ta ma san ka fita ba."

Narelle tana raya wa a ranta cewa wannan yana cikin masu bin babbar hanya kullum tun asuba, su dawo yara sun kwanta. Wataƙila lauya ne da ya ƙi raba iyalinsa da garinsu.

Dattijon ya shiga, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Samari, bar zancen mai. In gyangyaɗi ya ɗauke mutum, tana tashinsa?"

"Sosai. Tana ƙara, sitiyarin ma ya girgiza."

"Shekaranjiya na buɗe ido na gan ni dab da ƙarƙashin tirela. Matata ba ta sani ba." Ya gyara zama. "Kunna mini in ji ƙarar. Ina da nauyin barci."