Zoben Awo

Akwai wani aibi da ya yi wa mutane katutu, kuma masu ƙwazo ya fi kamawa. Mutum yakan auna duk abin da ya zo gabansa, amma ya manta cewa ma'aunin da ke hannunsa shi ma abin aunawa ne. Malalaci ya san halinsa, saboda haka ana iya yi masa gyara. Wanda ya dogara da tsantseninsa kuwa ya riga ya toshe kunnen da gyara za ta shiga.

Baba Mai-zobe mai duba kaya ne a wata masana'antar ƙira, inda ake buga fil ɗin ƙarfe da ke haɗa garma da tarakta. Ana gasa guntun ƙarfe ya yi jajur, a ɗora shi tsakanin wasu tubalan ƙarfe biyu masu kwarmi a ciki, sai injin guduma ya sauko, ƙarfen ya cika kwarmin ya ɗauki siffarsa. Kwarmin nan ba ya dawwama. Zafi yana cinsa, ɓawon ƙarfe yana gurzarsa, bugu yana buɗa shi kaɗan-kaɗan, yadda ido ba ya gani. In ya buɗe, fil sai ya fito da kauri. Aikin Baba shi ne ya gane ranar da kwarmi ya tsufa, ya ce a tsaya a sauya. Abin aikinsa wani zoben ƙarfe ne: fil ya ratsa ta ciki, kaya sun yi, ya ƙi, kwarmi ya mutu.

Tun yana da baƙin gashi yake kan wannan benci, kusa da taga mai fasasshen gilashi, kuma ba a taɓa dawo da kayan da ya sa wa hannu ba. Wannan suna shi ne duk abin da ya mallaka. A gida ma haka yake: shi ke goge rigarsa, shi ke jera takalman jikoki a bakin ƙofa, matarsa tana cewa, "Malam, ko ƙuda sai ya yi alwala kafin ya sauka a kofinka."

Da daminar wata shekara, ruwa ya riƙa shigowa ta tagar, zoben ya fara tsatsa. Baba bai iya kallon tsatsa ya ƙyale ba. Sai ya ɗauki ɗabi'ar naɗa samfefa, takardar nan mai kaushi ta gurza ƙarfe, a yatsa kowace safiya, ya goge cikin zoben har ya yi ƙyalli.

"Baba, wannan zoben ko na ango sai haka," in ji mai gasa ƙarfe.

"Kai da ko wuyanka ba ka gogewa, ina za ka san darajar tsabta?" in ji Baba.

Aka yi dariya. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa abin da ke cire tsatsa yana tafiya da ɗan ƙarfe. Kwarmi yana buɗewa a ƙarƙashin guduma, zobe yana buɗewa a hannun Baba, su biyun suna tsufa tare, kowanne yana yi wa ɗan'uwansa shaidar zur.

Mai tuƙa gudumar surukin Baba ne, mijin babbar 'yarsa, kuma Baban ne ya samo masa aikin. Shi ya fara jin canjin a hannunsa: fil yana manne wa kwarmi, jikinsa yana fitowa da wasu siraran layuka kamar tsagar ƙasa. Ya zo ya rusuna a gefen benci.

"Baba, da ka ɗan leƙa kwarmin nan. Kamar ya gaji."

Baba ya ɗauki fil, ya zura a zobe, ya wuce sumul.

"Ka gani?"

"Na gani, Baba. Amma hannuna..."

"Hannu yana da barci, yana da yunwa. Zobe ba shi da ko ɗaya. Koma bakin aikinka."

Surukin ya sake zuwa bayan wasu makonni, aka ba shi amsa iri ɗaya. Daga nan bai ƙara ba. Ba a jayayya da uban mata, kuma tsallake shi zuwa ofis a wurin yaron daidai yake da tsinka masa mari.

Da lokacin huɗa ya zo, akwatunan fil suka fara dawowa. Manoma sun kai fil gona ya ƙi shiga ramin garma. Manaja ya tara mutanen sashen a filin aiki, injiniyar masana'antar ta ɗauko sabon zobe daga cikin takardarsa, ta gwada. Fil ya tsaya a bakinsa cak. Ta karɓi na Baba, ta juya shi a haske.

"Wannan ya buɗe," ta ce. "Yawan aiki ne. Kowane ma'auni yana tsufa, laifinmu ne da ba mu sauya masa ba."

Baba ya san ba yawan aiki ba ne. Samfefar tana cikin aljihun rigarsa a daidai lokacin. Mai gasa ƙarfe ya dube shi, ya kawar da kai.

Manaja ya juya wajen surukin. "To, zobe ya yaudari tsoho. Kai fa? Kai ke tsaye a kan kwarmin nan kullum. Ba ka ga tsagar ba? Wa ka gaya wa?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Bai dubi Baba ba, don kada dubansa ya zama tuhuma. Ya bar masa fili ya yi magana da kansa.

A nan ne ya kamata a yi wa Baba hukunci, ba a kan samfefa ba. Gogar zobe kuskure ne, kuma kuskure yana samun mai hankali. Amma kalma huɗu ake bukata: ni ya gaya wa. Baba ya buɗe baki, ya tuna shekarun da sunansa ya yi ba tabo, ya ce wa ransa bari taro ya watse ya sami manaja shi kaɗai. Taro ya watse. Ya ce gobe. Kashegari aka sallami surukin.

'Yar Baba ta zo gidan da maraice, goye da ƙaraminta. Ta gaida uwarta, ta durƙusa ta gaida shi.

"Baba, ya ce in gaya maka kada ka sa damuwa a ranka. Ya ce rabo ne ya ƙare."

"Ba abin da ya ƙara?"

"Da akwai abin da zai ƙara ne, Baba?"

Ya ce babu.

Surukin ya sami aikin walda a wani gari mai nisa, ya kwashe iyalinsa. Baba ya ci gaba da zama a bencinsa da sabon zobe, amma ya koma tsayar da guduma a kan abin da bai kai ya kawo ba, yana kashe kwarmin da ke da sauran rai, har ma'aikata suka daina yi masa wasa. Da ƙarfinsa ya ƙare aka yi masa walimar ban kwana, manaja ya kira shi idon masana'anta, aka tafa. Yanzu yana zaune a gida shi da matarsa. Duk wata surukin yakan bugo waya, ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi ƙafarsa da hawan jininsa, sa'an nan ya ce, "A ba Inna."