Wasiƙar da Ta Tsaya a Cikin Kwamfutar Malam

Ni ban yi boko ba, a allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, Maman 'yan biyu, wadda katanga ɗaya ta raba mu a Angwan Iya fiye da shekara talatin. Kirista ce, 'yar ƙabilar Mada, ta yi aikin buga takardu a wata ma'aikata a Abuja har ta yi ritaya. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo min ta jira ni. Ta ce in haka ne za mu kai Kirsimeti ba mu gama ba.

Mijina malamin makaranta ne. Ya koyar a Garaku shekaru da yawa kafin ya dawo Keffi ya ajiye aiki. Malam nake ce masa, kamar kowa. Bayan ritaya ya sayi kwamfuta ta hannu, irin mai rufewa kamar littafi, yana rubuta wa tsofaffin ɗalibansa wasiƙu ta imel. Ni abin da na sani shi ne in goge mata ƙura in rufe ta da tsohon ɗankwalina.

Muna da gona a gefen hanyar Abuja, gadon Malam daga mahaifinsa. Dawa muke shukawa da gyaɗa. Da Abuja ta fara matsowa, gidaje suna tsirowa a inda da muke ganin shanu, sai Malam ya ba babban ɗanmu takardun gonar ya je ya yi musu rajista, tun da shi ne yake zaune can, ya san ofisoshi. Yaron bai yi rajista ba. Sayar da gonar ya yi wa masu gina rukunin gidaje, ya ja jari. Malam bai ji daga bakinsa ba. Ya je duba gona ne ya tarar da katanga da ƙofar ƙarfe.

Shekara bakwai Malam bai yi masa magana ba. In yaron ya zo ya durƙusa, Malam sai ya tashi ya nufi masallaci ko da lokacin salla bai yi ba. Ni ce a tsakani. Kullum maganata ɗaya ce: ƙasa ce, Malam, mu ma cikinta za mu koma, ka yafe masa ya riƙa shigowa gida kamar mutum. Shi kuwa sai ya ce in kawo masa ruwa.

Ran Litinin ɗin da ya rage masa kwana biyar a duniya, bayan la'asar, na gan shi zaune a bakin gado da kwamfutar a cinya, yana bugawa da yatsa biyu, yana hutawa. Ciwon ya riga ya ci jikinsa. Can sai ya rufe ta, ya dafe ciki, ya ce min:

"Na rubuta wa yaron naki. Na yafe masa. Kin huta."

Washegari muka tafi asibiti, bai dawo da ƙafarsa ba.

Yaron ya zo jana'iza, ya zauna har addu'ar uku, kansa a ƙasa. Ban yi masa zancen wasiƙa ba. Na ɗauka ya karanta, nauyin abin ne ya hana shi magana. Na shiga takaba. Wayar Malam da kwamfutarsa da tabaransa na sa su cikin akwatin tufafinsa na kulle. Ƙaninsa ya ce a kunna wayar ko don masu kiran gaisuwa, na ce ba zan iya jin tana ƙara ba alhali mai ita ba ya nan. Da na fita takaba ma ban buɗe akwatin ba. Har shekara ta zagayo, ta ɗora watanni.

Sai da babbar Salla ta biyu bayan rasuwar, da yaron ya kawo min rago, muna zaune a tsakar gida, na ce masa ai ya gode wa Allah tun da ubansa ya rubuta masa kafin ya tafi. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce wace wasiƙa? Ya fito da wayarsa a gabana ya yi ta ja da yatsa, sama da ƙasa, ya nemi sunan ubansa. Babu komai. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce ya san ina so in sanyaya masa zuciya ne, Allah ya saka min, amma shi ya san yadda suka rabu da Baba. Ban san lokacin da na saki kwanon da ke hannuna ba.

Kwana biyu bayan tafiyarsa na buɗe akwatin. Ƙanshin turaren Malam yana nan a rigunan. Na ɗauki kwamfutar na kai wa Maman 'yan biyu. Muka jira aka kawo wuta, ta jona, ta kunna. Ta buɗe wurin wasiƙu, ta sa tabarau, ta nuna min wani layi a gefen hagu. Ta ce wannan shi ne akwatin wasiƙun da ke jiran tafiya. A gefensa akwai wata alama kamar 'yar ƙaramar sanda a tsaye. Wannan kam na iya karantawa: ɗaya ce. Ta ce Malam ya rubuta, ya danna aikawa, amma ya rufe murfin tun kafin ta fita.

Na ce to ta aika mana. Ta yi dariya ta ce wannan ai ba aiki ba ne, ita da ta buga wa daraktoci biyar takarda. Ta haɗa kwamfutar da datar wayarta, ta danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar gilashin, can sai wani akwati ya fito da rubutu. Ta ce ya ce ya kasa haɗuwa da inda wasiƙu ke bi. Ta ce ƙila sabis ne, muka fita ƙarƙashin mangwaro. Haka ya sake cewa. Ta ƙara sayen data. Ta kashe ta kunna har sau uku. Ta buɗe shafin labarai, ya buɗu lafiya lau, har da hotuna. Wasiƙar ce kawai ta ƙi motsi. Daga nan ta daina zancen daraktoci.

Washegari muka hau keke mai ƙafa uku zuwa wajen wani mai gyara a bakin babban titi, dattijo mai furfura a gemu, shagonsa cike da gawar kwamfutoci. Ya ba ni kujera, ya yi min ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Ya ce agogon kwamfutar ya ɓata, ta ɗauka har yanzu muna wata shekara da ta wuce, kuma wannan kaɗai yana iya hana ta haɗuwa. Ya gyara. Zoben ya juya, akwatin ya fito. Ya shiga wasu wurare ya canza lambobi, ya ce lambobin ƙofar da wasiƙa ke fita ne. Zoben ya juya, ya daɗe fiye da na da, har na fara salati. Sai wani akwati dabam ya fito, da gurbi fari a tsakiya.

Ya bayyana min a hankali. Ya ce wasiƙa ba daga nan take tafiya kai tsaye zuwa wayar ɗana ba. Akwai wata babbar na'ura a wata ƙasa mai nisa, kamar gidan waya, ita ce ke karɓa ta miƙa. Yanzu mun isa ƙofarta, ta amsa, amma tun da an daɗe ba a zo ba ta ce sai an faɗi kalmar sirrin Malam. Ya tambaye ni ko na san ta.

Shekara arba'in da shida muna tare, na san yawan gishirin da yake so a miya, na san tarinsa a cikin mutum ɗari. Wannan kalma ban taɓa sanin akwai ta ba.

Muka koma gida muka zazzage littattafansa. Maman 'yan biyu ta bi su shafi-shafi: lambobin waya, sunayen magunguna, ranakun da aka yi ruwan farko a kowace shekara. Muka koma shago muka gwada sunan mahaifiyarsa, sunan makarantarsa ta Garaku, sunayen yara. Ta ce a gwada sunana, na ce Malam bai taɓa kiran sunana ba ko a ɗaki. Ta ce shi ya sa ya dace da sirri. Aka gwada. Ba shi ba ne. Mai gyara ya ce mu tsaya haka, in muka yawaita za a rufe ƙofar gaba ɗaya.

Ya ce saura hanya ɗaya. Na'urar za ta aika lambobi shida zuwa layin wayar Malam, in an shigar da su sai a sa sabuwar kalma. Na ji sanyi, don wayar tana jakata. Ya yi mata caji, ya kunna. Layin bai ɗauki sabis ba. Ya tambaye ni yaushe rabon da a kunna ta. Na faɗa masa. Sai ya ɗauki tasa wayar ya kira lambar Malam.

Ta yi ƙara. Wayar Malam tana kan tebur shiru, amma lambarsa tana ƙara a wani wuri. Wani namiji ya ɗauka.

Na toshe bakina da mayafi. Mai gyara ya ce in layi ya daɗe a kashe, kamfani yakan sayar wa wani. Mun je ofishinsu daga baya, wata ma'aikaciya ta duba cikin ladabi ta ce layin ya zama na wani, da sunansa da hotonsa, ba yadda za ta yi. Ni na kulle wayar nan da hannuna. Ƙanin Malam ya faɗa min, na ƙi.

Mutumin da ya sami layin mai aikin sa tayil ne a Mararaba, ana jin ƙarar injin yankan tayil a bayansa. Mai gyara ya yi masa bayani, ya ce saƙo zai shigo masa da lambobi shida, ya taimaka ya karanto. Mutumin ya yi dariya, ya faɗi wata magana da Turancin kasuwa, ya kashe. Na ce a sake kira a ba ni. Na gaishe shi, na tambayi aiki da iyali. Na gaya masa komai, gonar, shekara bakwai, ran Litinin. Ina magana ina kuka. Ya saurara har na gama, har ya matsa daga wajen injin.

"Mama, in gaskiya kike faɗa, Allah ya ji ƙan Baba," in ji shi. "Amma wadda ta cuci matata ma kuka take yi a waya. Lamba kam ba zan karanta wa kowa ba."

Na ce zan zo Mararaba da kwamfutar ya gani da idonsa, in zo da limamin unguwarmu, in zo da fastonsu Maman 'yan biyu, wanda ya fi so. Ya ce in yi haƙuri. Bayan nan kiranmu bai sake shiga ba. Ban ga laifinsa ba. Malam da kansa ya sha ja min kunne cewa duk wanda ya kira ya ce in karanto masa lamba, in kashe waya.

Mai gyara ya ce wasiƙar dai tana nan, ana iya karanta ta, ana iya buga ta a takarda, ko a aika ta daga wani adireshi. Daga sunan Malam ne kawai ba za ta fita ba. Sai a lokacin na ce a karanta min. Da Turanci Malam ya rubuta, layi huɗu, Maman 'yan biyu ta mayar min da Hausa. Ya ce: ƙasa ce, mu ma cikinta za mu koma. Na yafe maka. Ka riƙa shigowa gida kamar mutum.

Ta ɗauki hoton gilashin ta aika wa yaron. Da yamma ya kira ni. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, sannan ya ce:

"Inna, wa ya buga miki wannan?"

Na ce ubansa ne.

"Maganarki ce, Inna. Shekara bakwai ina jin ki ta bayan labule kina faɗa masa ita, kalma da kalma."

Gaskiya ya faɗa, maganata ce. Malam bai taɓa amsa min ba ko sau ɗaya, ashe yana ajiyewa. Da ya zo rubutawa bai nemo tasa ba, tawa ya ɗauka. Na ce wa yaron ranar da aka rubuta tana jiki, mai gyara ya nuna mana. Ya ce ba ku ne kuka ce an taɓa agogon ba? Bai faɗa da faɗa ba. Muryarsa irin ta wanda yake so a kayar da shi ce, ni kuwa ba ni da abin kayar da shi. Na ce ya zo ya zauna gaban kwamfutar ya duba da kansa, ya fi mu sanin kanta. Ya ce zai zo in aiki ya yi sauƙi. Abuja zuwa Keffi, mutane suna zuwa aiki su dawo kullum.

An yi wata biyar ke nan. Mai gyara ya ce batirin ya tsufa, kada in bar ta ta daɗe a kashe. Saboda haka duk ranar da aka kawo wuta da safe sai in jona ta, in danna inda aka nuna min. Ban mayar da ita akwati ba, tana kan teburin Malam. Zoben yakan juya, akwatin mai farin gurbi ya fito ya tsaya yana jira. Ba na taɓa komai. Ina duba gefen hagu ne kawai in ga 'yar ƙaramar sandar nan tana nan, sannan in rufe, in ɗora ɗankwalin.

Na ce wa Maman 'yan biyu in mun gama wannan ta buga shi biyu, ɗaya a ajiye ƙarƙashin kwamfutar, ko da ya zo ba na nan. Ta ce in daina irin wannan magana, kuma shi ma wannan ɗin zai ce ita ta buga. Na ce na sani. Ta dai buga.