Saiwa Bakwai da Na Kashe da Ruwa

Ku matso kusa ku ji, 'yan uwa, yau zan amayar da wani abu da na daɗe ina haɗiyewa. Ko zan manta ranar da jirgi ya sauke ni a ƙasar nan, ba zan taɓa manta abin da na yi wa furannin maƙwabciyata ba.

Lokacin muna haya a Glenwood, a wani ɗan tsohon gida mai barandar katako. Maigida direban babbar mota ne, sai ya kwana huɗu biyar a hanya, yara suna makaranta, ni kuwa ba mai yawo ba ce, daga kicin sai baranda. Shinge ɗaya ya raba mu da wata tsohuwa Ba'amurkiya wadda mijinta ya rasu. Mama nake ce mata. Ban yi boko mai nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne, abin da aka faɗa sau ɗaya ya zauna. Rabin Turancin da nake ji yau a bakin shingen nan na tsince shi. In miƙa mata kwaɗon zogale, ta miƙo mini burodin ayaba, mu yi ta hira har tukunyata ta kama.

Bayan gidanta cike yake da daliya. Ga wanda bai san ta ba, fure ce babba, wata ta kai faɗin faranti, kuma saiwarta ake shukawa, mai kama da dankalin Hausa. Akwai wani iri a ciki, ja mai duhu kamar zoɓo, bakin kowane ganyen furen fari kamar an tsoma a nono. Marigayin ne ya fitar da shi da hannunsa, shekara da shekaru yana zaɓe, babu shi a kowane kanti. Duk shekara in sanyi ya ƙone ganye, Mama ta tono saiwoyin, ta adana su cikin kwali da garin katako har sanyi ya wuce.

Wata shekara ta faɗi a banɗaki, ƙugunta ya karye. 'Yarta da ke zaune a Pleasant Garden ta kai ta gidan kula da tsofaffi, aka ce za a sayar da gidan. Cikin Afrilu aka kawo ta a keken guragu ta yi ban kwana da shi. Ta sa aka ɗora mini kwali a hannu, saiwa bakwai na irin marigayin.

Ta ce, "Ki haɗa ƙasar da taki. Ki kwantar da kowace, idonta, inda tsiro zai fito, yana kallon sama, ki kafa sandar tokara tun yanzu. Sannan ki saurare ni da kyau, 'yata. Kada ki shayar da su. Ko ɗigo. Sai kin ga kore ya leƙo."

Na ce, "Mama, ko ɗigo?"

"Ko ɗigo. Abin da za su sha yana cikinsu. In sun yi fure ki kawo mini guda ɗaya in ajiye kusa da gadona."

Kun ga ba wai ban ji ba ne. Na ji sarai, har yau zan iya maimaita muku da muryarta. Amma ni a garka, lambun mahaifiyata, na tashi, a wani ƙauye kusa da Maraɗi. Tun ina 'yar mitsitsiya nake jan guga, kuma a wurinmu wanda ya bar shuka ta kwana da ƙishirwa ba a kallonsa da mutunci. Na shuka saiwoyin yadda ta ce. Kwana biyar rana tana dukan wurin, jar ƙasar nan ta tsattsage a sama. In tsaya a tagar kicin ina kallo, zuciyata tana suya. Sai na ce a raina, tsufa ne da magungunan asibiti suka rikita Mama. Na jawo tiyo.

Maigida ya same ni ina yi, ya tsaya da kofin shayinsa. "Hajiya, ba cewa matar nan ta yi kar a ba su ruwa ba?"

Na ce, "Malam, kai taya ka sani. Ni 'yar mai garka ce. Ka taɓa ganin abin da ya tsiro da ƙishirwa?"

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a, malamar gona." Ya koma ciki.

Safe da yamma nake ba su, kamar albasa. Abin da ban lissafa ba, ƙasarmu yashi ce, tana shanyewa ta wuce, ta nan kuwa yumɓu ce, tana riƙe ruwa kamar randa. Ana haka kuma sama ta ɓalle da ruwa kwana uku. Sati huɗu babu abin da ya leƙo. Na durƙusa na tona da hannu, sai yatsana ya nutse cikin wani abu mai laushi, wari ya buge ni. Na tona ta biyu, ta uku, har ta bakwai. Duk sun ruɓe. Nan na zauna dirshan a taɓo da zanena.

Da a nan kuskurena ya tsaya, da da sauƙi. Satin nan Mama ta kira ni a waya. "Sun leƙo?" Kunya ta kama ni. Ta yaya zan ce wa tsohuwa na kashe abin mijinta? Na ji bakina yana cewa, "Sun leƙo, Mama." Ta yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Washegari na je kantin shuke-shuke na sayo wata daliya ja da fari a tukunya, na dasa, na yi ta lallaɓa ta.

Cikin Agusta ta yi fure. Na yanko wanda ya fi kyau, maigida ya kai ni. Mama ta karɓa, ta sa tabarau, ta juya shi gaba da baya. Ta ɗago ta dube ni.

"Yana da kyau," in ji ta. "Amma ba nasa ba ne. Kin shayar da su, ko?"

Hawaye kawai na ji a fuskata. Na gyaɗa kai.

"Yaushe kika gane sun ruɓe?"

"Tun Mayu, Mama."

Ta rufe ido. "Mai daliya ba ta ba da duka, 'yata. Na bar uku a wani kwali a gareji, ko da wani abu zai faru. Da kika ce sun leƙo, sai na ce wa 'yata ta kwashe kwalin da sauran tarkace. A Yuni aka zubar."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini. Ba ta yi ba. Ta nuna mini kofin da ke kan tebur ta ce in sa furen ciki, tunda dai na wahala na kawo. Na ci gaba da zuwa duba ta har Allah ya yi mata rasuwa, ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya.

Yanzu mun koma wajen Sedgefield, bayan gidana daliya ce kala-kala, har 'yan uwa sukan zo ɗaukar hoto in za su biki. Duk Afrilu hannuna yana ƙaiƙayi in na ga tiyo, sai in shige kicin in nemi aikin yi. Amma jan nan mai bakin nono ya tafi, ba zai dawo ba. Na koyi cewa abin da na iya a gida ba shi ne ilimin ko'ina ba. Na kuma koyi wanda ya fi ciwo: ruwana ya kashe bakwai, sauran ukun kunyata ce ta kashe su.

Ke da kike karantawa, ko kai, akwai wanda kuka ce wa "sun leƙo" alhali kun san sun ruɓe? Me kuke jira ku gaya masa, tun kwalinsa yana gareji?