Daloli Masu Ƙaramin Kai

Shekara ashirin da shida Sifaeli Mbise ya yi yana tuƙa motocin wasu, yana kai baƙi kallon namun daji. Duk direban da ke bin hanyar Arusha zuwa Serengeti ya san shi, da farar hularsa da ta dafe da kuma kalmarsa guda ɗaya. Ko giwa ce ta tare hanya, ko injin ne ke hayaƙi, in baƙo ya tambaya sai Sifaeli ya yi murmushi ya ce, "Ba matsala." Haka tsofaffin direbobi suka koya masa: baƙo hutu ya zo yi, ba a nuna masa damuwa, kuma in ya miƙo ambulan ɗin kuɗi ba a buɗewa a gabansa. Buɗewa rashin tarbiyya ne. Sifaeli ya riƙe wannan abu da haƙoransa, har ya fi waɗanda suka koya masa.

Da ya cika hamsin da biyu ya ce ya gaji da cika aljihun wasu. Ya jinginar da gonar ayabar da ya gada a gindin Dutsen Meru, ya karɓi rance a ƙungiyar garinsu, ya sayi tsohuwar mota mai buɗaɗɗen rufi da safaya biyu a goye a bayanta. Matarsa Ndeshi ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Sharaɗin ƙungiya a fili yake: biyan farko ranar talatin ga wata, kuɗin da ya kai dala ɗari huɗu, in ya saɓa su zo da igiyar awon gona.

Baƙuwarsa ta farko wata tsohuwa ce daga Amurka mai suna Doreen, ita kaɗai. Rabin kuɗin ta turo tun da wuri, ya tafi a masauki da gyaran mota. Sauran dala dubu ɗaya da ɗari takwas ta ce za ta kawo a hannu. Sifaeli ya zauna da Ndeshi suka tsara komai a bayan kalanda: dubu ɗaya da ɗari huɗu kuɗin shiga daji da mai da abinci na kwana biyar, ɗari huɗu na ƙungiya. Ko na shan shayi bai ragu ba.

"Ka ƙirga a gabanta, Baban Eliada," in ji Ndeshi.

"Ni? Yau na fara aikin?"

"A da kuɗin wani kake ɗauka. Yanzu gonata ce a ciki."

"Gonarki? Ikon Allah!"

A filin jirgi Doreen ta miƙa masa ambulan da hannu biyu. Ya karɓa da hannu biyu, ya zura a aljihun gaba, ya maɓalle. Bai ko leƙa ba. Kai, wannan mutum da taurin kai yake!

Sai washegari da hantsi, a Karatu, gari na ƙarshe kafin ƙofar daji, ya bar ta a mota ya shiga banki don ya zuba kuɗin shiga. Ma'aikaciyar ta zaro takardun, ta duba ta farko, ta duba ta biyu, ta baje sauran a kan kanta. Sannan ta turo masa su gaba ɗaya.

"Baba, waɗannan masu ƙaramin kai ne."

Ko ɗan koyo a wannan sana'a ya san tsohuwar dala mai ƙaramin hoton mutum a tsakiya ba ta shiga banki a nan. Takardun ga su fes, ko lanƙwasa babu, amma ƙaramarsu ta girmi yarinyar da ke bayan kantar.

"Ɗiyata, duba dai. Ai kuɗi ne na gaske."

"Ban ce jabu ne ba. Ba ma karɓa. Na gaba!"

Ya fito ya tsaya a inuwar bango, zufa na bin bayansa, ya kira Ndeshi. Bai gama bayani ba ta katse shi.

"Ban faɗa maka ba? To je ka gaya mata yanzu yanzu. Turawa suna yawo da kati, ta ciro maka wasu."

"Baƙuwa ce, Maman Eliada."

"Baƙuwar ce za ta ba mu ayaba in an ƙwace gonar? Buɗe bakinka ka yi magana, ba zai yage ba!"

Ya yi niyya, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Ya nufi motar yana jera kalmomin a ransa. Ya tarar da Doreen ta ajiye hoton wani dattijo mai tabarau a gaban gilashi, tana gyara masa zama don ya fuskanci hanya.

"Wannan Walter ne, mijina," ta ce. "Kuɗin da na ba ka nasa ne. Tun muna sabon aure, kowace Kirsimeti sai ya ajiye takarda ɗaya a gwangwani, wai na zuwa ganin zakuna. Ciwo ya kwantar da shi shekaru, bai samu zuwa ba. Na yi rantsuwa cewa da takardunsa zan cika kuɗin, ba da wasu ba. Komai lafiya a bankin?"

Sifaeli ya dubi hoton, ya dubi tsohuwar. Bakinsa ya buɗe, sai abin da ya saba fitowa ya fito.

"Ba matsala, Mama. Layi ne ya yi yawa. Ba ni rabin awa."

A bayan kasuwa akwai wani ɗan canji, Kimaro, mai shagon sayar da buhuna, wanda ke sayen irin waɗannan takardu. Allah ya sani ina yake kai su. Ya ɗaga ɗaya ya kalli haske da ita, ya yi dariya.

"Dattijo, daga kabarin wa ka tono waɗannan? Saba'in a kan kowace ɗari."

"Haba Kimaro! Tamanin da biyar mana. Tare fa muka yi makaranta da wanka."

"To kai wa wan nawa ya canza maka. Saba'in."

Dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin ke nan. Kuɗin ƙungiya ya tafi baki ɗaya, kuma na tafiyar ma bai cika ba, saura ɗari da arba'in. Sifaeli ya karɓi canjin a shilling, kuɗin ƙasarsu. Ya koma ya ce wa Doreen ta shiga shagon tsaraba ta huta, ya ja motar zuwa wurin mai faci, ya kwance safaya ɗaya da ƙarfenta ya sayar. Ƙarfe goma sha biyu suka wuce ƙofa, kuɗin shiga a biye, bayan motar da gurbi ɗaya fayau.

Wanda bai san hanyar nan ba ba zai gane haukan da ya yi ba. Gargada ce da tsakuwa mai kaifi, tafiyar awa da awa, shi ya sa kowa ke goya taya biyu. Kafin la'asar abokan aiki sun gano shi, oba-oba ta ɗauka.

"Wa na hango da mota mai ido ɗaya? Sifaeli, kai ne?"

"Sabon mai kamfani! Ɗayar ka ba ungulu aro ne?"

Ya rage muryar na'urar. Doreen ta tambaye shi me suke cewa, ya ce gaisuwa suke yi.

A rana ta biyu dutse ya yanka tayar baya ta gefe, yankan da faci ba ya kamawa. Ya sa safayar da ta rage, yana ɗaure noti yana waige, don ɓauna na kiwo ba nisa. Daga nan babu saura. Kwana uku ya yi yana tuƙi da kunnuwansa, kowane ƙaras a ƙarƙashin mota sai ya rage gudu. Abinci ya ƙi shiga. In taya ɗaya ta sake fashewa, kuɗin janyo mota daga tsakiyar dajin nan ya isa ya ƙarasa shi, ga tsohuwa mai shan maganin zuciya a kujerar baya. Tsoro ya ji na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba a motar wani. Ita kuwa tana ta murna. Da suka sami zakanya da 'ya'yanta uku kwance a kan dutse, ta ɗaga hoton Walter ta rufin mota tana kuka tana dariya, shi kuma yana leƙen taya ta madubi.

Tayoyin dai suka kai su. Ranar ashirin da takwas ga wata ya sauke ta a filin jirgi, ya fito mata da jakarta. Ta kama hannunsa ta riƙe.

"Bari in faɗa maka wani abu, Sifaeli. Ɗiyata ta yi ta yi mini faɗa, wai a nan ba a karɓar tsofaffin takardu. Har ta cusa mini sababbi dubu biyu a jaka, ta ce da direba ya yi ƙorafi in musanya masa. Ga su nan, ban taɓa ko ɗaya ba." Ta dafa jakar da ke rataye a wuyanta. "Tun ranar farko nake jira ka ce wani abu. Da ka ce ba matsala, ka san daɗin da na ji? Zan koma in ce mata Walter ne ya biya, da kansa."

Jakar nan a kujerar baya ta yi kwana biyar, taku ɗaya daga gwiwar hannunsa. A Karatu ma tana wuyanta lokacin da yake roƙon Kimaro. Ko yanzu in ya yi magana za ta zuge jakar, ya sani. Amma in ya yi maganar, dole ya gaya mata cewa takardun Walter suna shagon buhuna, an saye su saba'in saba'in, kuma kwana biyar yana yi mata ƙarya. Ta tsaya tana kallonsa, fuskarta cike da farin ciki.

"Ba matsala, Mama," ya ce. "Allah ya kai ki lafiya."

Ta zaro wani ambulan ɗin ta danƙa masa, ta ce wannan nasa ne, na ƙarshe a gwangwanin. Ta ja jakarta ta shige. A karo na farko cikin shekara ashirin da shida Sifaeli ya buɗe ambulan tun baƙo bai ɓace masa ba. Takardu uku ne, fes, masu ƙaramin kai, ko ya kai wa Kimaro ba za su kai ɗari huɗun ƙungiya ba. Ta waigo ta bayan gilashi ta ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga mata.

Ya zauna a mota ya daɗe kafin ya kira gida.

"Maman Eliada, ki aika a kira mai sayen shanun nan. Saniyarki ta madara za mu bayar, gona ta tsira."

Abu ɗaya Ndeshi ta tambaya.

"Ka gaya mata?"

"Ta ji daɗin tafiyar," in ji shi.