Takalmin Inna Yana Kujerar Baya

Ƙarfe shida da rabi Inna take shiga motar makarantar yaranmu. Kafin direba ya tayar, sai ta wuce kujerar ƙarshe, ta tuɓe takalmanta ta tura ƙarƙashi, ta dawo bakin ƙofa. Shekara ashirin da biyu ke nan tana rakiyar yara a haka.

Aikin a ido ba wuya. Amma a tafiya ɗaya za ta raba faɗa, ta share majina, ta riƙe saƙon iyaye biyar, ta tuna wanda yau gidan kakarsa za a sauke shi. In tana sauke yaro kuwa, ko shugabar makaranta ce ta kira ta, sai ƙafarsa ta taɓa ƙasa take waiwayowa.

Mu iyaye muka laƙaba mata Inna Ba-Takalmi, kuma ni ce kan gaba a tsokana. Da na tambaye ta dalilin ajiye takalmin a can, ta ce kai yana riƙe abu goma, amma in na sha ɗaya ya shigo da gudu dole ɗaya ya faɗi, kuma ba ya shawara da mutum kan wanda zai yar.

Wata safiya, suna isa makaranta aka yi mata waya cewa mijinta ya faɗi a wurin aiki. Direba ya shaida mana yadda ta diro a guje ta nufi titi, shi kuma da yara suka sauka ya rufe mota. Tsakuwa ce ta soke ta a tafin ƙafa. Ta dawo tana kuka, ta sa ya buɗe. A ƙarƙashin kujerar baya, kusa da takalman, 'yata mai shekara uku tana barci. Motar nan a rana take wuni, gilasai a rufe.

Mijin ya warke. Ni kuwa tun ranar bakina ya mutu.

Inna, ke ce ba ki yarda da kanki ba, shi ya sa muka yarda da ke. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Duk mai riƙe da amanar wani, ya nemi inda zai ajiye takalminsa.

Jiya aka yi mata walimar ajiye aiki. 'Yata, wadda yanzu take jami'a, ta durƙusa ta sa mata sabon takalmi. Inna ta dube shi ta ce, “Yau dai da shi zan sauka.”